Zuwa ga Rabe, da ya ce a Yamai aka koya mashi sa inuwa a zane

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ƙanwarka Saude ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana ta gyara mani magana. Ta ce za ta sa a waya duniya ta gani. To, ta gani.

An kunna mani muryarka kana yi wa mutane bayanin zanenka. Wai malamin lekol, makarantar bokon can, shi ne ya buɗe maka ido, ya ce ka bar kallon abu, ka kalli filin da ya kewaye shi. Rabe, ka ji tsoron Allah!

Wa ya zaunar da kai gindin itacen bedi a Magama, motocin Maraɗi na wucewa, ƙwarya bisa cinya, wuƙa cikin garwashi? Ka ja wa zabuwa layi a jikin ƙwaryar kamar mai shata gona. Na ce ba a zana zabuwa, gefenta ake ƙonewa, ita ta fito da kanta. Ka sake layi, na fasa ƙwaryar. Har bakwai na fasa. Uwarka ta kwana biyu ba ta tanka mani ba. Har gobe ban ce na yi laifi ba, don ta takwas wani direba ya saye ta ko tayi bai yi ba.

Inuwa fa? Wa ya riƙe hannunka ya nuna maka in wuƙa ta daɗe ƙasan cikin zabuwa wurin ya yi baƙi, in ka ɗaga ta da sauri wajen gadon baya ya tsaya ja-ja, sai zabuwa ta yi ƙiba har mutum ya so cafke ta? Tabon babban yatsanka, a lekol ka samo shi?

Ni ban yi boko ba, ban san sunan abin da Faransanci ba. Halan shi ya sa bakinka ya yi nauyin cewa babana mai ƙwarya.

Kuma kar ka ƙara ce mani iyakar ƙasa ce ta hana ka zuwa gida. An rufe, an buɗe. Ko da tana rufe, buhun shinkafa ya san hanyar Jibiya ta daji bisa babur. Kai da ƙafa biyu, damina huɗu ba ka gane ta ba.

Ga abin da na hana Saude faɗa maka. Na aje wuƙa tun bara. Ban ganin fuska yanzu. In mutum ya tsaya bakin zaure, hasken da ke gefenshi kawai nike gani, shi kuwa baƙi wuluk. Da haka nike gane mai shigowa. Naka na san shi, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, kunnuwa irin na uwarka. Likita a Katsina ya ce hasken ma tafiya yake.

Ban ce ka ba ni haƙuri ba, ni ma ba zan ba ka ba. Ka zo ka tsaya ƙofar nan tun da sauran hasken da zai kewaye ka.

Allah ya yi maka albarka, ya sa hannunka ya fi nawa, ya ba ka ɗa mai taurin kai irin naka. Amin.

Ubanka, ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba,
Ilu mai ƙwarya, Magama.