Zakara Ɗaya Daga Gidan Stoimen

Velichka,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau nake a nan ƙasar Sifen. Tarin nan da nake yi ƙurar wurin aiki ce kawai, kowa na yi.

Kin ce ƙwai talatin kika sa wa kaji, huɗu suka ƙyanƙyashe, sauran baragurbi, wasu da matattun 'yan tsaki a ciki. Ki daina zargin kanki. A da, duk kaka muna musayar zakara da maƙwabta. Yanzu gida biyar suka rage a ƙauyen, zakarunsu kuma duk jikokin namu ne. Jini ɗaya ke ta zagayawa. Shekara ashirin ina koyar da wannan a makaranta, ga shi ya ci gidana. In aka ƙara shekara a haka, ke da Mama ba ku da ƙwan ci balle na sayarwa.

Aikina a nan ware 'yan tsaki ne. Matan a ajiye, mazan a kashe, dubbai kullum. Na tambayi shugabanmu ko zan aika ɗaya gida. Ya ce, "Farfesa, fasfo za ka yi masa?"

Ki hau motar ranar Laraba ki je wurin yayanki Stoimen. Na san ya rantse ko allura ba zai ƙara ba mu ba, tun da na kira shi jahili a bikin 'yarsa. Ki ce na yi kuskure, ina roƙon zakara ɗaya. In dariya zai yi, ki tsaya har ya gama.

Allah ya tsare ku.

Mijinki,
Tanas