Ya kai mai jego cikin ƙanƙara

Asabar da dare, unguwar Al Karama, ƙasar waje

Raina a ɓace yake. Na baro Kano don wankan jegon 'yata Zainab, a gidan da babu murhu, kullum da butar lantarki nake tafasa mata ruwa. Amma yau mijinta ya kwashe mu zuwa wani ɗakin ƙanƙara da ke cikin wani babban kanti, wai ta sha iska ta ga tsuntsaye. Yarinyar da ko arba'in ba ta yi ba!

Na hana su shiga da jaririn, na tsaya bayan gilashi na rungume shi. Daga nan na hango tsuntsayen, wai sarakunan fengwin. Baƙin baya, farin ciki, wuya kamar an shafa kurkum, suna tafiya kamar tsofaffi.

Mijin nata ya fito yana washe baki. "Mama, kin ga ikon Allah? Ƙwai ɗaya suke yi. Namijin ya ɗora shi a kan ƙafafunsa, ya lulluɓe da fatar ciki, ya yi kwanaki bai ci komai ba, don kada sanyi ya taɓa shi."

Zainab tana gefensa, leɓunanta suna rawa. Ni kuwa kunyar suruki ta ɗaure mini baki, sai na ce, "Masha Allah."

Tsuntsu ma ya san haƙƙin iyalinsa. Yanzu ga ta can tana tari, shi yana minshari. Gobe bayan asuba zan zaunar da shi. Kunyar ta ƙare.