Tsuntsuwar Bagauda Ta Tashi

Zuwa ga Nusaiba, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, farin watan da nake ɗaga kai in nema!

Wallahi na kasa zama. In na shiga gonar tumatir sai in fito, in na hau babur sai in manta inda na nufa. Me kika yi mini haka?

Kin tuna safiyar da kika ratso gonata a bakin tafkin Bagauda, ke da yayanki Jibrin, madubin hangen nesa rataye a wuyanki, kina tambayar hanyar fadama? Kika ce wata tsuntsuwa ce ta ɓato daga ƙasashen ƙanƙara, irinta ba ta saba sauka a nan ba. Na yi miki dariya a zuci, amma na shige gaba. Muka tsuguna cikin ciyawa, taɓo ya cinye takalminki ba ki ko duba ba. Da kika miƙo mini madubin na gan ta, 'yar mitsitsiya, ƙafafu rawaya, baki a ɗan lanƙwashe sama, tana sassarfa ita kaɗai a gefen ruwa. Na juyo sai na ga hawaye a idonki. Ya Allah! Tun daga lokacin ban koma daidai ba.

Da kika koma makaranta Jos kika roƙe ni in riƙa duba miki ita. Na kashe injin ban-ruwana na wannan gefen don kada ƙararsa ta kore ta. Tumatir ya yi yaushi, Baba ya yi faɗa, abokai suka sa mini suna mai gadin tsuntsu. Ban damu ba, tunda kullum ina da dalilin kiranki in ji muryar nan mai kama da iskar damina.

Jiya ta tashi, Nusaiba. Na zaga fadamar har rana ta take, babu ita. Yanzu da wane dalili zan kira ki? Ba ni da sauran abin fakewa, sai gaskiya: ina son ki, son da ya hana ni sukuni!

Ki ba ni izini in turo magabatana Tudun Wada wurin Abbanki. Karatunki ba zan taɓa shi ba, na yi alkawari.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Tasi'u