Gonar Dawce Ashe Aro Ce

Daren Talata, Matameye

Da yamma aka nuno a tele wasu manyan kifayen teku masu shayar da nono. Wai tsohuwar garken ce kaɗai ta san inda abinci yake a shekarar yunwa, in ta mutu kuma 'ya'yanta maza sukan lalace. Ina dariya na ce, "Inna, ai ke ce wannan. Tun da Baba ya rasu, wa ya san iyakar gonarmu ta Dawce in ba ke ba?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wace gonar taku? Aro ce. Kakanku ya karɓa daga gidan Malam Isuhu, da baki kawai. Shaidun duk sun rasu, sai ni."

Innalillahi! Geron da muka tashi da shi! Yaya Sani yana can Kano cirani, har ya zaɓi gefen da zai ɗauka ranar rabon gado.

Na ce don me ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "Wa ya taɓa tambayata?"

Gobe zan zauna gabanta da alƙalami da takarda. Ina jiyo tarinta daga ɗaki, barci ya ƙi zuwa.