Baba Yana Yaɓe, Teku Tana Cin Gidanmu Ta Ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf mai albarka. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, domin akwai waɗanda za su shiga uku in aka gane gidan da nake magana a kai. Shawararku nake roƙo, don Allah ku taimaka min da ita, tsoro ya hana ni yin tunani mai kyau.

Ni budurwa ce, a Jidda aka haife ni, a nan na yi karatu, yanzu ina koyar da yara a wata ƙaramar makaranta. Muna haya a wani tsohon gida cikin lungunan tsohon gari da ke bayan ƙofar Bab Makka, ni da Baba da Umma a ƙasa, a sama kuma akwai Inna Hure da wasu mata biyu 'yan garinsu. Gidan irin ginin mutanen da ne, da dutsen da suke haƙowa daga bakin teku, fari mai ƙananan ramuka kamar soso, in ka duba da kyau har katantanwa za ka gani maƙale a jikinsa. Ina yarinya nakan kara kunnena a bango in ce ina jin teku tana numfashi, Umma ta ce in tashi kafin aljanu su amsa min.

Baba magini ne, daga Damagaram ya zo tun yana saurayi. A can gida, yadda yake ba mu labari, duk shekara kafin damina sai an yi wa katanga da soro yaɓe, gidan da aka yi wa yaɓe ba ya faɗuwa, wanda aka yi sakaci da shi kuwa ruwan sama ya zaizaye shi. Da wannan ya taso, da shi kuma ya zo. To shekarun baya sai gindin bangonmu ya fara jiƙewa ba tare da an yi ruwa ba, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa a jiki. Baba ya kankare, ya kwaɓa siminti ya yaɓe. Shekara ta zagayo laimar ta ɓullo ta saman inda ya tsaya, ya ƙara yaɓewa zuwa sama. Haka ake ta yi, yaɓe kan yaɓe, yanzu simintin ya kai kafaɗata. Duk wanda ya shigo sai ya yaba, ya ce bangonmu ya fi na kowa kyau a lungun, Baba ya yi ta murmushi.

Umma tana fama da ciwon gwiwa, kuma kun san zafin garin nan, sai ta sa aka jingina gadonta da wannan bangon, wai yana da sanyi kamar randa. Wata rana da hantsi ina gyara mata shimfiɗa, ƙafar gadon ta bugi bango, sai wani ɓangaren siminti ya ɓalle ya faɗo. Na leƙa bayansa. Babu dutse, rami ne, da wani jiƙaƙƙen gari, na sa hannu ya shige har wuyan hannuna, ƙamshin bakin teku ya bugo ni a tsakiyar ɗakin uwata. Na ɗanɗana abin da ya manne a yatsana, gishiri ne zalla. Kafin la'asar Baba ya toshe wurin ya shafe shi sumul, ya ce min kar in ta da wa Umma hankali a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Na kasa haƙuri, na kira wata ƙawata 'yar asalin ƙasar nan da muka yi makaranta tare, ita zanen gine-gine ta karanta. Ta zo kamar ziyara, muna shan shayi ta riƙa ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, yana amsawa kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Na ga fuskarta ta canza. Da na raka ta waje ta yi min bayani, ta ce ruwan da ke ƙarƙashin unguwannin nan na kusa da gaɓa yana da gishiri, kuma teku tana ƙara tasowa a hankali tana turo shi sama, ga na bututun da ke yoyo yana ƙaruwa a kai, shi ya sa muke ganin ruwa kwance a lungu ba hadari ba gajimare. Ta ce shi wannan dutsen numfashi yake yi, mutanen zamanin da, farar ƙasa suke shafa masa don laima ta riƙa fita, siminti kuwa rufe masa baki yake, sai ruwan gishirin ya rasa hanya ya zauna a ciki yana cin dutsen yana hawa. Wato duk wahalar da Baba yake sha don ya kare mu, ita take ƙara kashe gidan. Ta ce dole a sanar da baladiyya, wato hukumar birni, su turo injiniya, tun kafin sanyi ya shigo, don lokacin ne teku ta fi cika, lokacin ne kuma ake samun ruwan sama.

Na zaɓi lokacin da Baba ya ci abinci ya huta, na durƙusa na faɗa masa cikin ladabi. Da farko dariya ya yi, ya ce ƙawar tawa da ba ta taɓa riƙe cebur ba ce za ta koya masa gini, shi da ya fara yaɓe tun ba a haifi uwarta ba. Ya ce gidan kakansa na ƙasa yana nan tsaye har gobe, kuma a iya saninsa ruwa daga sama yake zuwa, teku tana can inda Allah ya ajiye ta. Da na nace sai ransa ya ɓaci, ya tambaye ni ko na san abin da zai biyo bayan zuwan injiniya. Za a hau sama a duba, za a tambayi takardun kowa, ni da shi da Umma muna da iƙama, wato takardar izinin zama, Inna Hure da matan nan ba su da ita. Ya ce mijin Inna Hure, Allah ya jiƙansa, shi ya ba shi wurin kwana ranar da ya sauka garin nan bai san kowa ba, kuma ba zai zama sanadin da za a sa matarsa a motar tarhil, ta kwasar marasa takarda, a mayar da ita gida da tsufanta ba. Ya ce in na kai maganar waje, to in san ba da yawunsa na yi ba. Ban taɓa jin Baba ya yi min magana da irin wannan muryar ba.

Inna Hure ita ta goya ni lokacin da Umma take jinya, har yau in ta dawo daga sayar da waina sai ta ajiye min tawa. Na hau na same ta tana wanke tanda, na faɗa mata komai ina kuka. Ta kalle ni ta ce, "Ke 'yar boko, 'yar Jidda amaryar teku, share hawayenki. In ginin nan ya faɗo min ai a ƙasa mai tsarki za a binne ni, wa ya kai ni riba? In kuwa aka mayar da ni, gidan wa zan sauka? Waɗanda suka san ni duk suna kushewa." Ta ce halas, magana ta ƙare, in bar zancen, ta tura min waina a faranti. Na kasa ci.

Na gwada abin da zan iya. Na janye gadon Umma zuwa tsakiyar ɗaki, ina dawowa daga makaranta na tarar ta sa an mayar, wai zafi ya hana ta sakat. Mai gidan ba a garin nan yake ba, da Baba ya taɓa yi masa zancen laima cewa ya yi wanda bai gamsu ba ya tashi. Yayana yana unguwar Aziziyya da iyalinsa, ya ce zai ba mu wuri mu uku mu zauna da shi, amma ba zai iya ajiye wanda ba shi da takarda ba, shi ma kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, ba zai ƙyale shi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baba ya ce ba inda za shi ya bar mata uku a saman bangon da ba mai kula da shi.

Abin da ya sa na rubuto yau, ƙofar ɗakin Umma ta daina rufuwa, sai an danna ta da kafaɗa, kuma wata siririyar tsaga ta fito daga saman ƙofar ta nufi rufi. Baba ya ciro ƙofar ya fere gefenta ya mayar, ya ce itace ne ya kumbura. Na ɗauki hoton tsagar na tura wa ƙawata, ta kira ni nan take, ta ce gidan ne yake zama, yana nutsewa ƙasa, kuma ita ba za ta ɗauki alhakin rai ba, in ban kai rahoto ba ita za ta kai da kanta. Na roƙe ta ta ba ni lokaci, ta ce ba lokacinta ba ne balle ta ba ni. Yanzu ko tafiya matan sama suka yi sai in ɗaga kai ina kallon rufi, a aji ma ina tsaye gaban yara zuciyata tana gida, duk ƙarar da wayata ta yi sai in zabura in duba ko daga gida ne. Da can nakan je bakin teku da yamma in zauna in yi rubutu, yanzu ko ta motar haya na hango shuɗinta sai in kau da kai.

'Yan uwa ku faɗa min gaskiya. In na yi shiru ginin ya faɗo a kan Umma da Inna Hure, ni na kashe su? In na yi magana aka kwashe tsohuwar da ta goya ni, Baba ya juya min baya, da wane ido zan kalli kaina? Ko akwai wanda ya san hanyar da za a duba gini ba tare da an taɓa mutanen ciki ba, ko wani wuri da zai karɓi mata uku tsofaffi kafin a zo? Addu'a ina yi, ku ma ku taya ni, amma ƙawata ta sake turo saƙo tun ɗazu, yana nan ban buɗe ba, don ban san abin da zan ce mata ba. Me zan ce mata?