Guntayen Silikon da Na Goge

Zuwa ga ɗiyata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na san takardar nan ba za ta isa inda kike ba. Amma ke kika zaunar da ni da furfurata kika koya mini rubutu, to wa zan rubuta wa?

Babanki lafiya lau, sai dai gwiwar nan. Gwaggonki ta Mawashi tana kwance tun girbi. Ƙanwarki Saratu ta sauka lafiya, mace, an sa sunanki. Ni ce ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Na yi miki ɓarna. Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatinki da aka kawo daga jami'a, don in wanke kayan kafin a raba. Na tarar da guntayen silikon ɗin nan naki na aikin bincikenki, goma sha biyu, kowane a ɗan gidansa. Fuskarsu ta dafe kamar gindin tukunya, na ɗauka datti ne. Na sa toka da tsumma na goge bakwai har suka koma kamar madubi. Sai a na takwas na tsaya na karanta rubutunki a murfi: minti ashirin.

Nan na tuna ranar da kika rufe tagar ɗakina da zane, kika haska su da fitilarki mai shuɗin haske. Kika ce asid da wutar lantarki ne ke huda fuskarsu, ramukan da ido ba ya gani su ke ba da hasken. Wanda bai daɗe a cikin asid ɗin ba ja ne kamar garwashi, wanda ya daɗe yana komawa ruwan lemo, ƙarfin wutar ma yana canja shi. Ni kuwa ina ta faɗan asid zai cinye miki yatsu. Ban ce miki ya yi kyau ba. Ya yi kyau, Hadiza.

Jiya da hantsi na rufe tagar na kunna fitilar. Biyar sun yi haske. Bakwai ɗin da na goge ko ɗigo babu.

Malamarki ta yi waya, za ta zo Kankia ran Laraba ta karɓe su. Ta ce da su za a kammala aikin ya fita da sunanki. Biyar za su isa? In ce mata haka na same su? Ke za ki yarda in yi ƙarya a kan aikinki?

Ki ba ni amsa kafin Laraba, ko a mafarki ne. In ban ji ki ba, zan miƙa mata su duka, in nuna mata hannun da ya yi.

Allah ya kai haske kabarinki.

Ni ce,
Innarki