Faifan Inna a Hannun Farfesa

Goggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya iyali, ya zaman Ilori?

Ranar Laraba a ajinmu na digiri na biyu a Kalgo ana tattauna sana'o'in fasaha, kowa sai fim da waƙa. Ni kuwa na ciro faifan da marigayiya Inna ta saƙa. Farfesa ya juya shi, ya ce, "Ya sunan wannan zanen?"

Goggo, sai ajin ya ɓace mini. Na hango ku ke da Inna a tsakar gidanmu na Gwandu kuna rina kaba kuna dariya, amma sunan ya ƙi zuwa.

A kan saƙarku zan yi bincikena, kuma ke kaɗai kika rage mai sanin sunayen zane-zanen. Don Allah ki aiko mini da su. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Faifan har yanzu yana ƙanshin furar Inna.

'Yarki,
Balkisu